Wa ya gayyato jaz gidan Dirakula?

Bashir Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren jiya. Na koma kan gem ɗin farautar Dirakula, Super Castlevania IV, wanda kamfanin Konami na Japan ya fitar a 1991, amma wannan karon da abin saurare a kunne, saɓanin lasifikar tsohuwar talabijin ɗin gidan gem ɗin unguwarmu da ba ka jin komai sai ƙarar bulala. Na wuce kogo, na haye gangaren ruwa, na isa ƙarshen mataki na 3, wurin garin nan da ruwa ya cinye. Sai kiɗan ya sauya fuska. Ga babban bas yana takawa shi kaɗai, ga sarewa tana yawo inda ta ga dama, fiyano yana sa baki jefi-jefi. Wallahi tsayawa na yi a kan dutse ina saurare har lokaci ya ƙare, Simon, jarumin gem ɗin, ya mutu a tsaye. Wannan ai jaz ne tsagwaronsa. To me ya kawo shi gidan mai shan jini, inda mutum ke sa ran ogan ɗin coci da kukan jemagu?

Khalifa Ƙarami: Wa alaikumus salam Yaya Bashir. Kai da ka je kashe Dirakula ka ɓuge da sauraron sarewa. Allah ya sa ba haka kake yi a wurin aiki ba.

Injiniya Sale: Bashir, kunnenka bai yaudare ka ba. Sunan kiɗan The Submerged City, kuma mutum biyu ne suka yi kiɗan gem ɗin gaba ɗaya, Masanori Adachi da Taro Kudo. In kana son shaida kan inda zuciyarsu take, dubi abin da ya biyo baya: da suka bar Konami suka haɗu a wani ƙaramin kamfani mai suna Love-de-Lic, masu kiɗan wurin suka raɗa wa kansu Thelonious Monkees. Wasa ne da sunan Thelonious Monk, gwanin fiyanon jaz na Amurka. Wanda bai sha jaz ya ƙoshi ba, ba zai yi wa kansa wannan laƙabi ba.

Malam Nura Mai Fiyano: Ku yi mini haƙuri in shigo da gardama tun da wuri. Shekara goma sha ina zaune gaban fiyano a situdiyo, kuma ni a wurina wannan ba jaz ba ne. Rigar jaz ce aka ara aka sa masa. Jaz kiɗa ne da ake haifa a gabanka. Mai bas ya ba da hanya, mai busa ya bi ta inda ransa ya raya masa, gobe in sun sake hawa ba za su maimaita na yau ba. Kiɗan gem kuwa an rubuta shi ne lamba bayan lamba, in ya kai ƙarshe ya koma farko. In ka tsaya a kan dutsen nan shekara guda, sarewar ba za ta ƙara ko ɗigo ba.

Anti Rabi: Malam Nura, in haka ne faifan jaz ma ba jaz ba ne ke nan. Shi ma in ka sa shi sau dubu, abin da mai ƙahon ya busa ranar farko shi za ka ji.

Malam Nura Mai Fiyano: Anti kin kama ni ta inda ban shirya ba. Amma da bambanci. Faifai hoton wani dare ne da ya faru da gaske, mutane sun zauna ɗaki ɗaya suna sauraron juna, wani ya yi kuskure wani ya rufa masa. Na gem babu daren da ya faru. Mutum ne ya zauna gaban kwamfuta yana kwaikwayon yadda mai sarewa zai yi in da yana wurin.

Anti Rabi: To ai wannan ya fi wuya, Malam. Ka rubuta kiɗan da zai ji kamar ba a rubuta shi ba.

Injiniya Sale: Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani, wato cikin na'urar, don ni hannuna ya daɗe cikin hanjin waɗannan abubuwa. Castlevania na farko ya fito a Japan a 1986, ya isa Amurka a 1987 a kan NES, na'urar gem ta Nintendo. Wannan na'ura murya biyar kacal gare ta. Biyu na ɗauke da amon waƙar, ɗaya na yin bas, ɗaya ƙarar shuu ce da ake sarrafawa ta zama ganga, ta biyar kuma ta ɗan guntun sauti ce da aka naɗa. Da murya uku masu amo, ba ka da wurin da za ka jera irin kod ɗin jaz, wato haɗin sauti huɗu ko biyar a lokaci guda. Sai dai ka warware shi, ka buga sautukan ɗaya bayan ɗaya da sauri, kunne ya haɗa da kansa. Shi ya sa kiɗan Kinuyo Yamashita da Satoe Terashima na wancan gem ɗin ya fi karkata ga rok da salon tsoffin makaɗan Turai, domin su ne ke zama daidai a wannan ƙuncin.

Konami ta ji ƙuncin ita ma. A Castlevania III na Japan, 1989, sai ta dasa wani guntu mai suna VRC6 a cikin kaset ɗin kansa, ya ƙara murya uku. Na Amurka da ya fito a 1990 bai samu wannan gata ba, saboda NES ɗinsu ba ta karɓar ƙarin sauti daga kaset. Ku saurari biyun a jere, za ku ce ɗaya ya ci abinci ɗaya yana azumi.

Sai Super Nintendo, na'urar da Super Castlevania IV ya fito a kanta, ta zo da guntun sauti na kamfanin Sony, murya takwas, kuma kowace murya tana iya buga sautin kayan kiɗa na gaske da aka naɗa. Amma duk da kiɗan da sautukan dole su shiga kilobayit 64. Hoto ɗaya da kuke turowa nan ya fi haka nauyi. Fiyano da bas na tsaye suna da daɗin sha'ani a nan, domin ka taɓa su sauti ya fita ya mutu da kansa, ɗan guntu ya isa. Wato ranar da aka buɗe wa makaɗan ƙofa, a ranar aka ga irin abin da suke saurare a gida.

Khalifa Ƙarami: Baba Sale an gode da lacca. Ni dai tambayata ɗaya. Labarin Simon Belmont a 1691 aka ce ya faru, a Taransilbaniya, yankin da yanzu yake cikin ƙasar Romaniya. Faifan jaz na farko sai 1917 aka naɗe shi a Amurka. Shekara sama da ɗari biyu tsakani. Wane ne yake kaɗa bas ɗin a ƙarƙashin ruwa, aljani?

Mamman Maraɗi: Ƙanena, a gem ɗin da kake fasa bango ka tarar da gasasshen nama ka cinye ka warke, a nan ne kake neman lissafin shekaru? Jitar lantarki da ke cikin sauran kiɗan fa, ita a 1691 aka ƙera ta?

Khalifa Ƙarami: Naman bango dai ba a taɓa shi, Yaya Mamman. Ya ceci rayuka.

Mamman Maraɗi: Magana ta gaskiya, ku daina kallon Romaniya, ku kalli Japan. Waɗanda suka yi wannan kiɗa sun taso ne a ƙasar da jaz ya zama ɗan gida. Tun kafin yaƙin duniya na biyu suna da shagunan shan kofi da ba a zuwa don hira, faifan jaz kawai ake sawa a zauna a yi shiru. Daga ƙarshen shekarun 1970 kuma aka shiga yayin fyushon, wato jaz da aka gauraya da rok da kayan lantarki. The Square, wadda daga baya ta koma T-Square, ta fitar da faifanta na farko a 1978, Casiopea ta biyo a 1979. Matashin da ya koyi fiyano a wancan zamani ya samu aiki a kamfanin gem, wannan ne ruwan da ya sha. Ita kanta Konami a lokacin tana da ƙungiyar makaɗanta ta cikin gida, Kukeiha Club, kuma in ka ji faifansu fyushon ne zalla. Su a wurinsu abin mamaki shi ne a ce jaz bai shigo ba.

Bashir Tudun Wada: Wannan ya warware mini rabi. Amma saura rabin: me ya sa bai yi banbaraƙwai ba? In ka sa kiɗan biki a gidan makoki kowa zai juyo. Wannan kuwa ya zauna daram kamar don wurin aka halicce shi.

Malam Nura Mai Fiyano: Yauwa, nan ne fagena, kuma duk da ban janye maganata ta farko ba, zan faɗi gaskiya. Jaz da kiɗan coci na zamanin Bach, shahararren makaɗin Jamus, 'yan uwan juna ne ta wajen bas. A zamanin Bach, wanda ya rasu a 1750, ana rubuta wa mai hafsikod layin bas ne da 'yan lambobi a ƙasa, shi zai cike sauran da hannunsa na dama yadda ya ga ya dace. Hafsikod ɗin nan shi ne magabacin fiyano, mai ƙara kamar ana tsinkar waya. Bas ɗin yana takawa ne taku ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa. To mai bas na jaz ma abin da yake yi ke nan. Wani Bafaranshe, Jacques Loussier, ya nuna haka a fili tun 1959: ya ɗauki kiɗan Bach ya buga da fiyano da bas da ganga, ya fito jaz sak ba tare da ya rushe ginin ba.

Na biyu, kod ɗin tsoro. Akwai wani haɗin sauti da in ka danna shi kunne ba ya samun wurin zama, sai ya ji kamar an bar ƙofa a buɗe cikin dare. Masu kiɗan finafinan ban tsoro da shi suke cin abinci. Masu jaz kuma shi ne gishirin miyarsu, da shi suke tsallakawa daga kod zuwa kod. Hannu ɗaya ne, yatsu ɗaya. Bambancin yana ga tafiyar. Mai ogan zai danna ya riƙe har gashin jikinka ya tashi. Mai jaz zai taɓa ya wuce, da ɗan ɗingishin nan nasu, dogo, gajere, dogo, gajere. Don haka wanda ya iya ɗaya, taku ɗaya ne tsakaninsa da ɗayan.

Anti Rabi: Malam ya gama kawo hujjar abokan gardamarsa da bakinsa. Allah ya saka.

Ni nawa Castlevania ɗin shi ne Symphony of the Night na 1997 a kan PlayStation. Ƙanena ne ya kawo faifan gida, ni na gama gem ɗin kafin shi, har yau bai yafe ba. Michiru Yamane ce ta yi kiɗan, kuma ita ce hujjar abin da Malam ya faɗa. Kiɗan gargajiyar Turai ta karanta a jami'ar fasaha ta Aichi, Bach ta nazarta, ta shiga Konami a 1988. Kafin wannan ta yi Castlevania: Bloodlines na Sega a 1994. A Symphony kowane sashe na fadar da nasa launi. In ka shiga ɗakin karatu, hafsikod ne ke tarbarka, ka rantse a Jamus kake shekara ɗari uku baya. In ka hau cocin fada, muryoyi ne da ogan. Hasumiyar agogo, jitar lantarki kamar za ta tsaga talabijin. Amma ka sauka kogon ƙarƙashin ƙasa, inda tsohon nan mai fito yake da kwalekwalensa, sai Crystal Teardrops ya tashi: bas mai sanyi, ganga a hankali, fiyano yana ɗiga kamar ruwan da ke zuba daga rufin kogon. Mace ɗaya ta rubuta na ɗakin karatun da na kogon, kuma ba ka jin ɗinki a tsakani.

Bashir Tudun Wada: Anti tsaya. Kin lura? Nawa garin da ruwa ya cinye, naki kogo mai ruwa. Shekara shida tsakani, makaɗa daban, na'ura daban, amma duk jaz ɗin a ƙasa yake, kusa da ruwa. Sama ta ogan ce.

Mamman Maraɗi: To ai gidajen jaz ma yawanci a ƙarƙashin bene suke, ka sauka matakala ka tarar da duhu da hayaƙi. Wataƙila Dirakula ya ba da hayar ƙasan gidansa.

Injiniya Sale: Kada ku mayar da misali biyu doka. Filin dagar da ke cikin Symphony ba ruwa a cikinsa, amma kiɗansa, Wandering Ghosts, jita ce mai ƙanshin Sifen da bas mai tsalle irin na fyushon. A can kwarangwal ke sara da takobi, kai kuma kafaɗarka na rawa.

Malam Nura Mai Fiyano: Injiniya ya yi gaskiya, amma Bashir ma bai faɗi ƙasa ba. Ni ina ganin abin yana bin ƙafar ɗan wasa ne. A tsofaffin Castlevania tafiya ɗaya ce, hagu zuwa dama, taku, bulala, taku, tsalle. Kiɗan da ya dace da wannan shi ne mai tura ka gaba, irin Vampire Killer na gem na farko ko Bloody Tears na Kenichi Matsubara a gem na biyu. Amma wurin da aka so ka rage sauri, ka dubi ƙasa kafin ka taka, ka ji kaɗaici, kiɗan turawa ba zai yi ba. Ogan kuma zai cika wurin da girma, alhali ana so ka ji wurin fanko ne. Bas da sarewa suna barin rami tsakanin sauti da sauti. A cikin ramin nan tsoron yake zama. Ogan yana gaya maka mai gidan babba ne. Bas ɗin yana gaya maka kai kaɗai ne.

Khalifa Ƙarami: Yau Malam ya koma mai wa'azin jaz. Saura ka ce ka tuba.

Malam Nura Mai Fiyano: Ban tuba ba, ɗana. Har gobe ina cewa riga ce. Na dai yarda telan gwani ne.

Anti Rabi: Tunda an zo nan, bari in tono faɗan da ya fi wannan. Waƙar ƙarshen Symphony, I Am the Wind. Ka sha wuya, ka gama fada, ka gano akwai wata fadar a kife, ka sake bin ta kai a ƙasa, Alucard, jarumin gem ɗin, ya kashe ubansa Dirakula. Kana jiran ogan ya rufe taro. Sai ga saksofon mai laushi da muryar Cynthia Harrell, irin kiɗan da ake sawa a zauren otal. Ranar farko dariya na yi har da hawaye. Yanzu kuwa in na ji ta sai in tuna ɗakinmu da ƙanena yana fushi a gefe.

Injiniya Sale: Ni wannan waƙa ban taɓa yafe mata ba. Ita ce kaɗai wurin da zan ce jaz ya shigo gidan ba sallama. Rika Muranaka ce ta yi ta, ba Yamane ba, kuma kana ji ka san daga wani ɗaki ta fito. Da aka sake fitar da gem ɗin a PSP, wato PlayStation ta hannu, a 2007 an sauya ta da wani kiɗan, ni kuwa ban yi kewarta ba.

Anti Rabi: Injiniya, ka bar mini waƙata. Ita Cynthia Harrell ɗin ce ta dawo ta yi waƙar Metal Gear Solid 3 a 2004, kowa yana yabo. Murya ɗaya ce.

Injiniya Sale: Hajiya, muryar ba ta da laifi. Wurin ne ba nata ba. Na kogon an saƙa shi da dutsen da ruwan. Wannan ɗora ta aka yi a kai kamar hular aro.

Malam Nura Mai Fiyano: Abin dariyar shi ne, a duk abin da muka lissafa, a ita ce ka tabbata mutum ya tsaya gaban makirfo ya busa ƙaho da numfashinsa. In ma'aunina na farko za a bi, ita ta fi kusa da jaz, kuma ita ce ta fi ba ni kunya. Ku bar ni in je in sake duba ma'aunin.

Mamman Maraɗi: Kafin a watse, kada a ce Japan kaɗai. Gabriel Knight na kamfanin Sierra, 1993, a New Orleans labarinsa yake, garin da aka haifi jaz ɗin kansa, inda ake raka gawa makabarta da ƙaho da ganga, a tafi da kiɗa mai nauyi a dawo da mai zafi. A can ba wanda zai tambayi me ya haɗa jaz da kabari. Sai Grim Fandango na LucasArts, 1998, kiɗan Peter McConnell, duniyar matattu cike da ƙahoni.

Khalifa Ƙarami: Grim Fandango ba gotik ba ne, Yaya, wato salon duhu da tsoro irin na gidan Dirakula. Kwarangwal ne sanye da kwat suna shan taba. Bikin matattu na Meziko ne da tsofaffin finafinan 'yan sandan ciki.

Mamman Maraɗi: Na karɓa. Na farkon dai yana nan.

Malam Nura Mai Fiyano: Na dawo. Bayan la'asar na samu sarari a situdiyo, na ce bari in ɗauko bas ɗin garin ruwan nan na Bashir da kunne. Na ɗauka aikin minti goma ne. Na fi awa ina mayar da shi baya, don duk inda na zaci zai sauka sai ya goce. Yaron da ke jiran in haɗa masa kiɗan waƙar biki ya gaji ya leƙo, ya ce Malam lafiya, wa ya rasu? Hannun hagu na samu kusan rabi. Sarewar ban ma taɓa ta ba.

Anti Rabi: In ka gama ka turo mana mu ji. Amma kada ka buga shi daidai yadda yake. Ka ƙara naka, mu ga ko zai zama jaz a hannunka.

Malam Nura Mai Fiyano: Anti ba za ki bar ni in huta ba. To, ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Bashir Tudun Wada: Muna jira. Ni kuma na samu na bar kan dutsen, na shiga mataki na 4. Wani ya taimaka ya gaya mini yadda ake tsira a ɗakin nan mai juyawa, na rataya da bulala har hannuna ya gaji, kawunan nan masu shawagi sun jefa ni kan ƙusoshi sau bakwai.

Khalifa Ƙarami: Cire abin kunnen tukuna, Yaya.